Kwamfutar Yaya Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Gwaggo da duk mutanen gida. Ya ƙafa, ya ƙarfin jiki? Umma tana gaisuwa. Na san kunnenka ba ya ɗaukar magana ta waya yanzu, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda ya miƙa maka.

Kawu, na shiga matsala. Yaya ya daɗe yana son babbar kwamfuta ta tebur a shagonsa na ɗaukar hoto, domin tsohuwar da an ɗora mata bidiyo sai ta kama nishi. Ni na hana shi sayen haɗaɗɗiya. Na ce zan haɗa masa da hannuna, ai ba a banza na yi shekara uku a shagonka ba. Muka je kasuwa wajen Mai Tabarau, wanda kake sayen kaya a hannunsa a da, muka ɗauko komai sabo fil a kwali: bod, wato babban allon da sauran kayan ke zama a kansa, furosesa, ram guda biyu, katin hoto, pawa mai raba wuta da akwatin.

Ranar Talata da safe na haɗa ta a shagon. Yaya ya kira abokansa biyu su zo su gani, yana ta cika baki. Na jona wuta, na danna makunni. Fankokin suka juya sau ɗaya, suka tsaya cak. Sikirin baƙi ƙirin, ko ƙara babu. Na sake dannawa, haka. Na canza soket, na canza waya, haka dai.

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya ya ce, "To, injiniyar gidanku ta haɗa maka akwatin ajiye takalma."

Ka san Yaya in aka yi masa dariya. Ya ɗauki kujerar ƙarfe ya maka wa gilashin da yake jera hotuna, ya tarwatse har bakin ƙofa. Ya juyo ya shaƙi wuyan rigata ya haɗa ni da bango, ƙeyata ta bugu, sai da na ga wuta. Ya ce, "Me kika lalata mini?" Numfashina yana neman ɗaukewa. Na ce ba ni ba ce, bod ɗin ne, da alama matacce aka sayar mana. Sai ya sake ni.

Na kwaso kwamfutar na kawo gida, tana ɗakina. Don Allah ka rubuto mini abin da zan duba, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake yi mini a da. Kaina ya kulle. Ban gaya wa Umma zancen shaƙar ba, kai ma kada ka gaya mata.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau biyu. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa yana nan yadda kika bar shi, Gwaggonki ta ce ni nake zaɓar abin da zan ji. Ki gaida uwarku.

Zancen yayanki ya ɓata mini rai ƙwarai. Tun yana ƙarami hannunsa ke riga bakinsa, uwarku kuma tana rufa masa. Wannan magana ce da zan yi da shi ido da ido. Kafin nan, kada ki sake zama shago ɗaya da shi ku biyu.

Yanzu ga aiki. Fanka ta juya ta tsaya, ma'anarsa wuta ta shiga, sai pawa ta ji wani abu bai yi mata ba ta yanke da kanta. Ki bi a hankali, kada ki tsallake ko ɗaya. Ki fara da manyan wayoyin wuta guda biyu, doguwar da ke gefen bod da ƙaramar da ke sama kusa da furosesa. Ki cire su ki mayar har ki ji sun ce ƙas. Ƙaramar nan ta sha kunyata manyan masu gyara, ni ma ta taɓa kunyata ni a gaban wani lauya. In ba ta tashi ba, ki cire ram duka biyu, ki sa ɗaya kawai, ki gwada, ki canza masa rami, sannan ki gwada ɗayan. Daga nan ki cire katin hoto gaba ɗaya. Ki cire ɗan batirin bod, ki ba shi minti biyar, ki mayar. Ki ari pawa mai aiki wajen wani ki gwada da ita.

In duk wannan bai yi ba, ga na ƙarshe. Ki kwance bod ɗin daga cikin akwati, ki ɗora shi a kan kwalinsa a tebur, da furosesa da ram ɗaya kawai, ki tayar da shi a haka. Kuma ki duba gindin akwatin da idonki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin ce wa yayanki bod ɗin matacce ne. Da me kika gwada? Na yi shekara goma sha ɗaya ina sayen kaya wajen Mai Tabarau, mutum ne mai tsada da taurin kai, amma ba ya ba ka bod sai ya kunna shi tukuna. Ban ce ba zai yiwu ba. Na ce dai mai gyara ba ya kiran sunan cuta kafin ya gwada. Ki koma ki ce wa yayanki har yanzu ba ki tabbatar ba.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa.

Takardarka ta iso ranar Juma'a, abin kuwa ya faru tun Laraba. Da hantsi Yaya ya zo gida ya ce in sa takalmi. Na ga ƙafar kyamara a hannunsa, ta ƙarfen nan mai nauyi, na ɗauka wani aiki za shi. Ya ja ni har kasuwa.

Mun samu Mai Tabarau yana goge wani sikirin. Ya yi mana maraba, har ya tambaye ni lafiyarka. Yaya ya ce masa ɓarawo, mai sayar wa mutane gawa a cikin kwali. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku kawo bod ɗin in ɗora a kan teburin nan in gwada a gabanku. In matacce ne, ku ɗauki wani."

Yaya ya juyo ya kalle ni. Idonsa ja wur. Ya ce, "Ba ke kika ce matacce ne ba?"

Kawu, na gyaɗa kai.

Dukan farko a fuska ya same shi. Tabaran ya fashe a kan idonsa na hagu. Ya ɗaga hannu ya kare na biyu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Ya faɗi tsakanin tebur da kanta, kwalaye suna zubo masa, Yaya ya tsallaka ya bi shi yana duka, yana taka shi da takalmi. Jini ya fantsama har kan sikirin ɗin da yake gogewa. Maza huɗu suka riƙe Yaya, ya watsar da biyu, ya fasa wa maƙwabcin shagon leɓe, ya kutsa cikin mutane ya fita. Ni aka bari a tsaye. Da aka ɗago Mai Tabarau bakinsa ya karkace gefe ɗaya, yana son yin magana, jini ne kawai ke fitowa. Wata mai sayar da caja ta ja hannuna ta fitar da ni ta bayan layi, ta ce in gudu kafin a gane ƙanwarsa ce ni.

Washegari da rana tsaka ƙannen Mai Tabarau su uku suka je shagon Yaya da sanduna da rodi. Ba su bar komai ba, fitilu, kyamarori, firinta, har silin sai da suka farfasa. Yaya ya tare su shi kaɗai. Ya karya wa ɗaya hanci, wani ya ɗauki fasasshen gilashi ya soka masa a kafaɗa ya ja. Kafin 'yan sanda su iso kowa ya watse. Yanzu Yaya yana ɓoye a garejin abokinsa makanike, wani mai kemis ne ya ɗinke masa raunin. 'Yan sanda sun zo gida sau biyu. Umma ba ta ci ba ta sha, tana ta cewa an cuci ɗanta, an sayar masa da mataccen kaya kuma an bi shi da duka.

Mai Tabarau yana asibiti. An ce muƙamuƙinsa ya karye gida biyu, idon kuma ba a sani ba tukuna.

Game da kwamfutar, na bi abin da ka rubuta. Wayoyin wuta a zaune suke daram. Na gwada ram ɗaya-ɗaya a kowane rami. Na cire katin hoto, na cire batiri, na aro pawa wajen wata ƙawata. Duk haka take yi, fanka ta juya ta tsaya. Na ƙarshen ne kawai ban samu sukunin yi ba.

Ka sa mu a addu'a.
Auta.

*

Auta,

Na ga takardarki. Gwaggonki ta yi kuka, ni kuwa tun jiya abinci bai shiga bakina ba. Mutumin nan yana da 'ya'ya huɗu, ni na san su. Da likita bai hana ni doguwar tafiya a mota ba, da ni za ki gani maimakon takarda.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kin samu sukunin ratsa gari ki aro pawa, amma ba ki samu sukunin kwance 'yan ƙusoshi a ɗakinki ba? Aikin minti goma ne, ni na koya miki shi. Ba lokaci kika rasa ba. Tsoron abin da za ki gani kike yi, kuma ina jin kin san ko mene ne.

Ki ajiye wannan takarda ki ɗauki sukundireba. Kada ki sake rubuto mini sai kin yi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Na yi.

Na kwance bod ɗin na ɗora a kan kwalinsa, da furosesa da ram ɗaya. Na tayar. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa. Sikirin ya kawo haske, rubutu ya fito tas. Na zauna a ƙasa ina kallonsa, na rasa abin da ke mini daɗi. Ban taɓa tsanar ganin kwamfuta ta tashi ba sai yau.

Na leƙa gindin akwatin. Ka san 'yan notin tagullan nan da bod ke zama a kansu. Tara na ɗaura, bod ɗin kuma rami takwas gare shi. Na taran yana tsakiya, inda babu rami, yana tokare da bayan bod ɗin yana haɗa wuta. Har ya bar ɗan baƙin tabo a wurin. Na cire shi, na mayar da komai, ta tashi kamar ba ita ba.

Gaskiyarka ne, na sani. Ranar Talatar da na gama ɗaurewa, ƙusa ɗaya ta rage a tafina, na nemi raminta na rasa. Gabana ya faɗi a lokacin, amma abokan Yaya suna tsaye a kaina, sai na jefa ta aljihu na rufe akwatin. Da ya shaƙe ni, ƙusar tana aljihuna. Da na gyaɗa kai a kasuwa ma na san da ita. Na ce a raina iyaka Yaya ya yi wa mutumin ihu, a canza mana bod, in gyara kuskurena a ɓoye ba wanda ya sani.

Yanzu ga abin da ya fi wannan. Matar makaniken ta zo jiya ta ja ni gefe. Yaya ya tara abokai shida a garejin. Sun sayi fetur jarka biyu. Jibi, ranar da ba a buɗe kasuwa, za su je su ƙona shagon Mai Tabarau, daga nan su bi ƙannensa gida. Layin nan shaguna a manne suke, kuma akwai masu gadi da ke zama a ciki.

Na yi tunanin zuwa wajen 'yan sanda, amma in suka je garejin Yaya ba zai miƙa hannu ba, gawarsa za a kawo wa Umma. Su kuma abokan suna bin sa ne saboda sun yarda an cuce shi. Ni na ba su wannan yarda.

Direban ba zai dawo da amsarka kafin jibi ba, don haka ba shawara nake nema ba. Gobe da safe zan je garejin. In ka ji wani abu, ka riƙe Umma.

Ka yafe mini.
'Yarka, Auta.

*

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ni ne babban ɗan ƙanwarka. Ban iya rubutun wasiƙa ba, ka karanta yadda ya zo. Ina ofishin 'yan sanda a tsare, wani kofur ne ya ba ni takarda da biro.

Auta tana da rai. Na fara da wannan don na san shi za ka fara tambaya.

Ta zo gareji muna zaune mu bakwai. Ba ta gaida kowa ba. Ta kamo hannuna ta sa mini wani ɗan noti a tafi. Ta ce, "Yaya, ga abin da ya hana kwamfutarka tashi. Ni na ɗaura shi inda bai kamata ba. Bod ɗin lafiyarsa ƙalau, yana gida yana aiki. Mutumin nan bai cuce ka ba, ƙarya na yi maka don ka sake mini wuya."

A gaban mutane ta faɗa. Na kwaɗa mata mari da bayan hannu. Ta faɗi a kan wani injin mota da aka sauke. Ta tashi, bakinta duk jini, ta sake faɗar maganar daga farko, da ƙarfi, tana kallon abokaina. Na naushe ta. Ɗinkin kafaɗata ya ɓalle ban ma ji ba. Ta faɗi a kan hannunta, na ji ya yi ƙara. Na ce a raina shi ke nan ta yi shiru. Sai ta ja jiki da gwiwa ta je ta zauna a kan jarkar fetur, ta tofar da haƙori, ta ce duk mai son ɗaukar jarkar ya haɗa da ita.

Na ɗauki sifana. Makanike ya riƙe ni ta baya, ya ce in na sake taɓa ta shi zai fasa mini kai, kuma in fita masa daga gareji. Na juya in ce wa sauran su ɓamɓare shi daga jikina, sai na ga suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kalle ni. Wanda ya sayo fetur ɗin shi ya fara fita.

Ta suma a kan jarkar. Ni na ɗauke ta a kafaɗar da ba ta da rauni, na tare mota na kai ta asibiti. Asibitin da Mai Tabarau yake ne, na sani, shi ne mafi kusa. Akwai ɗan sanda a ƙofar ɗakinsa. Ya gan ni, na gan shi. Na ajiye ta a kan gado na zauna a benci na jira shi.

An ce mini an cire wa mutumin idon. Na tambaya sau biyu ko ƙarya ake mini.

Tun da aka rufe ni nake neman wanda zan ji haushi. Na gwada Auta, bai zauna ba. Ko da bod ɗin matacce ne, Kawu, ai mutumin ya ce in kawo ya canza. Na ji shi sarai da kunnena.

Ba na roƙon ka fitar da ni. Umma ta faɗi da ta ji labari, hawan jininta ya tashi, ba kowa a gidan sai maƙwabta. Ka turo Gwaggo in kai ba za ka iya ba.

Ɗanka.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Gwaggo ta iso lafiya, mun gode. Ita ke rubuta wannan, ni nake faɗa, don hannuna yana cikin filasta. Haƙora biyu ne suka tafi.

Kafin a sallame ni na je ɗakin Mai Tabarau. Ƙannensa suka tare ƙofa, matarsa ta ce a bar ni. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya magana. Na tsaya a ƙarshen gadon na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallona da ido ɗayan. Sannan ya nuna a ba shi takarda, ya rubuta da hannun hagu, da ƙyar: "Na sani tun ranar. Ni na kunna shi kafin in ba ku." Na ce ya yafe mini. Ya sake jan takardar ya rubuta: "Ki faɗa a kotu."

Ranar Litinin za a shiga. Umma ta ce in na buɗe baki a kan ɗanta, in nemi wata uwar. Yaya kuma ya aiko kofur ya ce mini in faɗi abin da na gani.

Zan faɗa, har da nawa. In an tashi daga kotu zan biyo direban. Ka sa a share mini ɗakin baya.

'Yarka, Auta.